Ko Kirista Zai Iya Sanin Ya Tsira Tun Yana Raye?

A watan Fabrairu na 1431, a birnin Rouen na ƙasar Faransa, malaman ikilisiya da ke shari'ar Joan ta Arc, wadda ta jagoranci sojojin Faransa a yaƙi da Ingila, suka jefa mata tambaya: shin ta san tana cikin alherin Allah? Yarinya ce 'yar shekara 19 ko kusa da haka, ba ta yi makaranta ba, masu tambayar kuwa sun sha ilimin tauhidi sun ƙoshi. Tarko suka ɗana mata. In ta ce e, za a kama ta da girman kai, domin koyarwar ikilisiya ita ce ba mai iya sanin haka da cikakken tabbaci. In ta ce a'a, ta yanke wa kanta hukunci da bakinta. Gaba kura, baya sayaki. Sai ta ce in ba ta ciki, Allah ya sa ta ciki, in kuwa tana ciki, Allah ya riƙe ta a nan. Amsar ta ɗaure wa alƙalan kai, ko da yake ba ta hana su ƙone ta a watan Mayu na wannan shekara ba.

Ba a cika shekara ɗari ba, wannan tambaya ta shiga cikin abubuwan da suka tsaga ikilisiyar Yammacin Turai gida biyu, kuma har yau ƙurar ba ta lafa ba. Akwai Kiristan da in ka tambaye shi inda za shi in ya mutu yau, zai amsa kafin ka rufe baki. Akwai wanda zai ce wannan sai Allah, har ya ɗauki amsar na farkon a kan rashin ta ido. Akwai kuma na uku da ba a cika jin muryarsa ba: yana zuwa sujada, yana addu'a, yana karatun Littafi Mai Tsarki, amma da fargaba yake kwana, yana ganin Allah ya riga ya juya masa baya. Su ukun nan Littafi ɗaya ne a hannunsu.

Ayar da aka fi kafa hujja da ita tana cikin wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, wadda ya rubuta daga Korinti wajen shekara ta 57. A farkon sura ta 8 ya ce yanzu babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Maganar kotu ce, kuma tun farkon wasiƙar yake shirya zaman shari'ar. Surori ukun farko tuhuma ya yi ta karantawa: al'ummai sun san Allah ta wurin halitta suka ƙi girmama shi, Yahudawa sun karɓi Shari'a ba su cika ta ba, har ya kai ga cewa an rufe kowane baki, duniya gaba ɗaya mai laifi ce a gaban Allah. Saboda haka da ya ce babu hukunci, kada a ɗauka an bincika ne an tarar mutumin ba shi da laifi. Laifin ya tabbata. Abin da ya faru, in ji aya ta 3, shi ne Allah ya aiko da Ɗansa, ya zartar da hukuncin zunubi a jikinsa. An yanke hukuncin, an kuma zartar, sai dai a kan wani ya sauka.

Wurin da Bulus ya ajiye maganar ma abin lura ne. Rabon Littafi Mai Tsarki zuwa surori ba aikin manzanni ba ne, a ƙarni na 13 aka yi shi, kuma ana danganta shi da Stephen Langton na Ingila. Masu sauraron wasiƙar na farko a jere suka ji ta. Yanzun nan mutum yake kukan cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun abin da ba ya so shi yake aikatawa, yana tambayar wa zai cece shi, sai ga sanarwar cewa babu hukunci. An daɗe ana gardama a kan wane ne mai kukan nan na sura ta 7. Agustin, babban malamin ikilisiya na Afirka ta Arewa, ya fara da cewa mutum ne da bai tuba ba tukuna, daga baya ya canza ya ce Bulus ne da kansa, yana Kirista. Ko wanne aka ɗauka, sanarwar ba ta jira mutum ya gama gyara halinsa ba. Akwai ma wani ƙarin bayani a wasu tsofaffin bugu, inda ayar ta ƙare da cewa waɗanda ba sa tafiya bisa ga halin jiki. Rubuce-rubucen hannu mafi daɗewa ba su da wannan jimla a aya ta 1, a aya ta 4 take. Ga alama wani magatakarda ne ya ga maganar ta yi faɗi da yawa, ya jawo mata sharaɗi.

A ƙarshen sura ta 8 Bulus ya koma kotun ya yi ta ƙalubale. Wa zai kawo ƙara a kan zaɓaɓɓun Allah, alhali Allah ne mai baratarwa, wato mai wanke mutum daga laifi? Wa zai yanke hukunci, alhali Almasihu ya mutu, ya tashi, yana kuma roƙo dominsu? Cikin jerin hujjojin nan ba ko ɗaya da ya shafi yanayin zuciyar mai bi. Bai ce tun da kuna jin salama ba, bai ce tun da addu'arku tana da zafi ba. Duk hujjojin a wajen mutum suke, abubuwa ne da aka riga aka yi. Wanda alƙali ya sallama yana iya shekara yana faɗuwar gaba duk lokacin da ya hango ɗan sanda, amma faɗuwar gabansa ba ta soke takardar sallama. Haka Bisharar Yohanna ta sa maganar a bakin Yesu a sura ta 5: mai jin maganarsa, mai gaskata wanda ya aiko shi, yana da rai madawwami, ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai.

Sai dai rashin hukunci bai share komai da komai ba. Annabi Natan ya gaya wa Dawuda an kawar da zunubinsa, a zama guda kuma ya gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Wasiƙar Ibraniyawa ta ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo. Bulus da kansa ya gaya wa Korintiyawa cewa kowa zai tsaya gaban kursiyin shari'a na Almasihu, kuma akwai wanda aikinsa zai ƙone, shi ya tsira kamar wanda aka fizgo daga wuta. Wanda ya ci amana ya tuba, gafarar Allah ba ta ɗauke masa biyan abin da ya ci.

Da iyakar abin da ke rubuce ke nan, da ba a yi rigima ba. Amma Sabon Alkawari ɗin nan yana da wasu ayoyi masu sa gashin jiki ya tashi. Ibraniyawa sura ta 6 ta yi maganar waɗanda aka haskaka, suka ɗanɗana baiwar sama, suka sami rabo cikin Ruhu Mai Tsarki, sa'an nan suka fanɗare, ta ce ba shi yiwuwa a sāke jawo su ga tuba. A Matiyu sura ta 7 Yesu ya ce a ranar ƙarshe da yawa za su zo suna cewa Ubangiji, Ubangiji, suna lissafa annabci da mu'ujizai da suka yi da sunansa, ya ce musu bai taɓa saninsu ba. Waɗannan mutane tabbaci gare su cikakke, kuma ƙarya ne. Yohanna ɗin da ya rubuta cewa ba mai ƙwace tumaki daga hannun makiyayi, shi ya rubuta cewa reshen da bai zauna cikin kuringa ba za a sare shi a jefa wuta. Duk wanda ya ce maka ayoyin ɓangare ɗaya ne kawai ke akwai, bai gama karatu ba.

Martin Luther, wanda daga baya ya jagoranci gyaran ikilisiya da ya haifar da 'yan Furotesta, ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta Jamus a 1505, kuma da gaske ya shiga. Yana azumi, yana raya dare, yana ikirarin zunubi gaban limami na sa'o'i, ya fito ya tuna wani abu ya koma. Lissafinsa ba shi da kuskure in aka bi shi: ana gafarta zunubin da aka furta da nadama ta gaskiya, to ta yaya zai san ya tuna duka, ta yaya kuma zai san nadamarsa don ƙaunar Allah ce ba don tsoron wuta ba? Shugabansa, Johann von Staupitz, ya gaji har ya ce masa ya je ya kawo zunubi na gaske, ya daina kawo tarkace. Amma ya ba shi shawarar da ta zauna masa har mutuwa: in tunanin ko an zaɓe ka ko ba a zaɓe ka ba ya dame ka, dubi raunukan Almasihu. Daga baya Luther ya faɗa cewa ya tsani maganar adalcin Allah da ke Romawa 1:17, don yana ganin ma'aunin da za a kāshe shi da shi ne, sai da ya gane adalci ne da Allah yake ba mai bangaskiya kyauta. Daga nan koyarwarsa ta fito, cewa Kirista baratacce ne kuma mai zunubi ne a lokaci guda. Kada a zaci duhun ya rabu da shi daga ranar. A 1527 ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, yana ganin Allah ya yashe shi. Abin da ya canza shi ne inda yake gudu: yakan ce wa kansa an yi masa baftisma, wato Allah ya yi masa alkawari da sunansa, kuma Allah ba ya ƙarya.

Ɗariƙar Katolika ta ba da amsa a babban taron limamanta a birnin Trent, cikin dokar baratarwa ta watan Janairu 1547. 'Yan Furotesta da yawa suna faɗin matsayin nan a karkace, kamar an ce wa mutane su zauna cikin shakkar Allah. Abin da taron ya ce shi ne, bai kamata mai ibada ya yi shakkar jinƙan Allah, ko isar aikin Almasihu, ko ƙarfin sakramenti (ibadu irin su baftisma da Jibin Ubangiji) ba, amma in ya dubi kansa da kasawarsa yana iya jin tsoro, domin ba mai iya sani da irin tabbacin da ba ya kuskure cewa ya sami alherin Allah. Ya kuma la'anci mai cewa lalle zai dawwama har ƙarshe, sai in an yi masa wahayi na musamman. Tun kafin nan Thomas Aquinas, babban malamin tauhidin Katolika da ya rasu a 1274, ya koyar cewa mutum na iya kyautata zato ta wurin alamu, kamar jin daɗin Allah da rashin sanin wani babban zunubi a kansa. Damuwar Trent ba ta banza ba ce, mutanen Matiyu 7 ne a gabansu. Matsalar ita ce, mai lamiri irin na Luther in ka ce masa kyautata zato ne iyakarsa, ka tura shi ne inda ya fito.

John Calvin, jagoran Furotesta a Geneva, ya je nesa fiye da Luther. A wurinsa bangaskiya ita kanta sani ce tabbatacciya cewa Allah yana nufin mutum da alheri, kuma wanda Allah ya zaɓa ba ya ɓata. Almajiran wani malamin tauhidi a Holan, Jacobus Arminius, suka gabatar da ƙorafinsu a kan koyarwar Calvin a 1610. A kan batun dawwama ba su yanke magana ba da farko, sun ce a ƙara bincike, daga baya ne suka tsaya a kan cewa mai bi na gaske yana iya fanɗarewa. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya ƙi wannan, ya ce tsarkaka suna iya faɗuwa cikin mugun zunubi, su rasa jin alherin Allah na ɗan lokaci, amma Allah ba ya sakinsu gaba ɗaya.

A takarda, wannan ya kamata ya kashe fargaba. A rayuwa kuwa sai aka gudu ba a tsira ba. Kowa ya san wani da ya yi shekaru yana wa'azi ko waƙa a majami'a, daga baya ya watsar da komai. In zaɓaɓɓe ba ya ɓata, to wannan bai taɓa zama zaɓaɓɓe ba, kuma 1 Yohanna 2:19 ta ba da kalmomin: sun fita daga cikinmu, amma dā ma ba namu ba ne. Shi kansa Calvin ya yarda akwai bangaskiya ta ɗan lokaci, wadda mai ita yakan ji kusan abin da zaɓaɓɓe ke ji. To ni da nake ji yau, me ya bambanta ni da wancan a lokacin da shi ma yake ji? Tambayar ta tashi daga ko zan rasa ceto, ta koma ko na taɓa samunsa. Ban ga wadda ta fi wata sauƙin kwana da ita ba. Calvin ya hango ramin, shi ya sa ya ce Almasihu ne madubin da mutum zai duba ya ga zaɓensa. Amma jikokinsa na ruhaniya a Ingila, masu tsananin ibadar nan na ƙarni na 17, da yawansu suka juya madubin ga kansu, suna rubuta littattafan awon zuciya, suna ƙirga alamu.

Malaman da suka taru a Westminster ta Landan, suka kammala furcin bangaskiyarsu a 1646, sun san irin mutanen da ke zaune a gabansu ranar Lahadi. Saboda haka suka sassauta. Suka ce ana iya samun tabbaci na gaske a wannan rai, bisa alkawuran Allah, da shaidar canjin rayuwa, da shaidar Ruhu a zuciya. Amma suka ƙara cewa tabbacin ba ya cikin ainihin bangaskiya har a ce marar shi ba mai bi ba ne. Mai bi na gaske yana iya daɗewa yana fama kafin ya same shi, yana iya samu kuma ya girgiza. A ganina wannan yana cikin maganganu mafi tausayi da aka rubuta a kan batun. William Cowper, mawaƙin Ingila wanda har yau ake rera waƙoƙinsa a majami'u, ya yi imani da dawwamar zaɓaɓɓu, amma bayan wani mafarki a 1773 ya gamsu cewa shi kaɗai aka keɓe aka yasar. Ciwon ƙwaƙwalwa ne yake fama da shi tun da daɗewa. Abokinsa John Newton bai taɓa yarda da hukuncin da ya yanke wa kansa ba, amma bai iya cire masa shi ba, da shi ya rasu a 1800.

John Wesley, wanda ya kafa tafiyar Methodist, ta wata ƙofa ya shigo. Ranar 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ana karanta gabatarwar da Luther ya yi wa wasiƙar Romawa, sai ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi, ya ce an ba shi tabbaci cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa, nasa na kansa. Wesley bai yarda cewa ceto ba ya ɓacewa ba, amma ya fi kusan kowa nanata cewa mutum na iya sanin shi ɗan Allah ne yau, bisa ga Romawa 8:16, inda Ruhu ke shaida tare da ruhunmu. Tabbacin yau ne, ban da garantin gobe. A farkon wa'azinsa ya matsa har yana cewa wanda bai san an gafarta masa ba yana ƙarƙashin fushin Allah, da ya manyanta ya janye wannan. Ko a daren Aldersgate ɗin ma, ya rubuta cewa da ya koma gida gwaje-gwaje sun taso masa.

Ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Ɗariƙar Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya, wato magadan Luther, suka sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa kan baratarwa. Majalisar Methodist ta Duniya ta shiga a 2006, ƙungiyar ikilisiyoyin da suka gāji Calvin ta shiga a 2017. A sashen tabbacin ceto, ɓangaren Katolika ya ce yana iya tarayya da damuwar masu gyaran ikilisiya irin su Luther, ta kafa bangaskiya a kan alkawarin Almasihu da kau da ido daga abin da mutum ke ji, kuma mai bi, ko da yana ganin kasawarsa, yana iya tabbata cewa Allah yana nufin cetonsa. Ba kowa ya yi na'am da takardar ba, a ɓangarorin biyu akwai masu cewa an lulluɓe saɓani ne da lafazi mai daɗi. Duk da haka ta fito da abin da na ɗauka shi ne zuciyar maganar. Tambayoyi ne daban-daban ake cakuɗawa. Ko aikin Almasihu ya isa, duka sun ce ya isa. Ko zan dawwama har ƙarshe, nan ne saɓani na gaske yake. Amma mutumin da ya zo cikin dare yana rawar jiki, limamin Katolika da faston Lutheran da na Methodist, in sun san aikinsu, wuri ɗaya za su nuna masa, kuma ba cikin ƙirjinsa ba ne.

Dalili kuwa, lamiri ba alƙalin ƙarshe ba ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, gaskiya ne, amma akwai wanda aljihunsa wayam yake, yana firgita, akwai kuma wanda ya saba da sata har as ɗin ba ta motsa shi. Bulus ya ce wa Korintiyawa shi ko kansa ba ya yi wa shari'a, bai san wani laifi a kansa ba, amma ba wannan ne ya baratar da shi ba, Ubangiji ne mai yi masa shari'a. Yohanna ya kamo ɗaya gefen: in zuciyarmu ta kāshe mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san komai. Lamiri mai shiru ba hujjar tsira ba ne, lamiri mai ihu ma ba hujjar hallaka ba ne.

Ta yaya mutum zai rarrabe tsawatawar Ruhu da zargin Shaiɗan, wanda Ru'ya ta Yohanna ta kira mai ƙarar 'yan'uwa dare da rana? Masu kiwon rayuka sun daɗe da lura da abu guda. Tsawatawa takan kama abu takamaimai: ka yi wa wane ƙarya, je ka gyara. Tana da ƙofar fita. Zargi kuwa gaba ɗaya yake yanke mutum: kai munafuki ne, irinka ba ya gyaruwa, kada ma ka ɓata lokacin addu'a. Bulus ya kira na farko baƙin ciki irin na Allah, mai kai ga tuba, na biyu baƙin cikin duniya, mai kai ga mutuwa. A dare ɗaya Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, Yahuza ya bashe shi. Dukansu sun yi nadama, Yahuza ma har ya mayar da azurfa talatin ɗin ya ce ya ci amanar marar laifi. In da zafin nadama ne ma'auni, ba a ce Bitrus ya fi shi ba. Bambancin shi ne inda kowannensu ya kai nadamarsa. Yahuza ya kai tasa gun manyan firistoci, suka ce ina ruwansu, ya je ya rataye kansa. Bitrus kuwa, da ya ji Ubangiji ne a bakin teku, tsalle ya yi cikin ruwa ya nufe shi.

Akwai kuma masu tsoron sun yi zunubin da ba a gafartawa, wato saɓon Ruhu Mai Tsarki. Markus sura ta 3 ta faɗi abin da ya jawo maganar: malaman Attaura sun ga Yesu yana fitar da aljannu, da idonsu a buɗe suka ce da ikon sarkin aljannu yake yi. Taurin kai ne na ganganci a gaban haske, ba wata muguwar kalma da ta gifta a zuciya ba tare da mutum ya so ba. Tsohuwar amsar masu ba da shawara har yanzu tana nan daram: wanda abin yake damunsa, damuwar tana nuna bai kai can ba. Sai dai a faɗi gaskiya, wani lokaci wannan ba matsalar tauhidi ba ce. Akwai ciwon waswasi da ke sa mutum maimaita addu'ar tuba ba iyaka, yana neman a sāke tabbatar masa, a tabbatar masa ya huta na awa guda ya dawo. Ignatius na Loyola, waliyyin Katolika, ya sha irin wannan a Manresa ta Sifen wajen 1522, har tunanin kashe kansa ya zo masa. Mai irin wannan hali, ƙarin ayoyi kaɗai ba sa warkar da shi, yana bukatar likita tare da fasto.

Ɗaya ramin kuma a buɗe yake, Bulus ma ya san za a faɗa masa, shi ya sa ya riga masu sūka tambaya a Romawa sura ta 6: mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? Ya ce sam. Akwai wa'azin da ya mayar da tabbacin ceto tamkar rana guda da mutum ya ɗaga hannu a taron bishara ya maimaita addu'a, daga nan ko me ya zama ba ruwan kowa. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a 1945, ya kira irin wannan alheri mai araha tun 1937: gafara ba tuba, alheri ba bin Almasihu. Wanda yake zaluntar matarsa ko yake cinye haƙƙin ma'aikatansa, yana ɗaga murya cewa babu hukunci a kansa, ya ari ayar da ba a rubuta don rufe masa asiri ba. Amma kada gudun wannan ya sa a koma mulki da tsoro. Tsoro yana cika kujeru, yana kuma buɗe aljihu. Johann Tetzel da ke sayar da takardun sassaucin horon zunubi a Jamus a 1517 da wannan jarin ya yi kasuwa, kuma duk mai wa'azin da ke barin mutane kullum a bakin wuta don su riƙa dawowa gunsa neman kariya, sana'ar ɗaya ce.

To ina matsayin ayyuka? Wasiƙar Yohanna ta fari ta ba da alamu: kiyaye umarnai, ƙaunar 'yan'uwa, shaida cewa Yesu shi ne Almasihu. An sha mayar da su jarrabawar da ba mai ci. Amma marubucin ya faɗi dalilin rubutunsa a sura ta 5, cewa don masu bangaskiya su san suna da rai madawwami ne. Jama'a ce da wasu suka ɓalle daga cikinta suka bar ta cikin ruɗu, yana kwantar musu da hankali. A wasiƙar nan ne kuma ya ce mai cewa ba shi da zunubi yana ruɗin kansa, in kuwa wani ya yi zunubi akwai mai tsaya masa a gaban Uba. Alamun suna nuna alƙiblar da rayuwa ta fuskanta, ana kuma ganinsu a tsawon shekaru, sau da yawa na kusa da mutum sun fi shi ganinsu. Shaida ce mai goyon baya. In aka ɗora mata dukan nauyin ginin, ranar da mutum ya faɗi, komai zai rushe da shi.

Saura gargaɗin Ibraniyawa, wanda har yau ba a daidaita a kansa ba. Magadan Wesley suna cewa ba a gargaɗi a kan abin da ba ya faruwa, don haka fanɗarewar mai bi na gaske abu ne mai yiwuwa. Magadan Calvin suna cewa gargaɗin yana cikin hanyoyin da Allah ke riƙe nasa da su, mai bi yakan ji ya farka. Ni dai ban ga ɓangaren da ya haɗiye dukan ayoyin ba tare da wata ta tsaya masa a wuya ba. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne ci gaban surar. Nan take bayan kaushin maganar, marubucin ya kira su ƙaunatattu, ya ce yana da tabbacin abubuwa mafi kyau game da su, ya tuna musu hidimar da suka yi wa tsarkaka, ya ce yana so su nace har su kai ga cikakken tabbacin bege. Da ya zo faɗin abin da za su riƙe, sai ya koma ga Ibrahim: Allah ya yi alkawari, ya kuma haɗa da rantsuwa, da yake ba wanda ya fi shi girma sai ya rantse da kansa, don waɗanda suka gudo neman mafaka su sami ƙarfafawa daga abu biyu da ba shi yiwuwa Allah ya yi ƙarya a cikinsu.